Alkawarin da Na Karɓa a Kan Farar Kwamfuta

Ku matso nan, 'ya'yan Sabi'u, ku kife wayoyin nan a tabarma ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani, wani wurin ma da bakina aka yi. Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ana sawa a takarda, kuma na ce kada a gyara mini magana. Abin da ya sa na dage sai an rubuta wannan babi shi ne zancen da na ji yana yawo a bakinku. Wai tsoro ne ya hana ubanku ci gaba. Wai da ya sayi irin kwamfutar da Baba Murtala ya saya, da yanzu ku ma a bene kuke kwana a Kaduna. Wanda ya gaya muku haka rabin labarin ya ji.

Kafin ku san kwamfutar, sai kun san hanyar. Yayan ubanku, ɗan farina, wanda har yau bakina bai saba kama sunansa ba, direba ne. Wata safiya ya ɗauki masara daga nan Birnin Gwari zai kai Kaduna. An ga motar a bakin daji, ƙofa a buɗe, buhuna suna nan ba wanda ya taɓa. Shi ne ba a gani ba, har yau. Kakanku bai daɗe bayan haka ba, zuciya ta kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Gonarmu ta wajen Kuyello kuwa ta gagari zuwa, don mutanen daji sun zauna tsakaninmu da ita. Muka tattaro muka dawo cikin gari, ni da Sabi'u da amaryarsa Rabi, uwarku, da shanun huɗa guda biyu da kakanku ya bari, suna cin harawa a banza ba ƙasar da za su keta.

Ubanku a lokacin ya iya ɗaukar hoton biki, ya haɗa shi ya zama fim. Da wata 'yar kwamfuta ta kan cinya yake yi, wadda in ta yi zafi sai ta ɗauke kamar mai farfaɗiya. Ya ce mini aikin nan ba ya yiwuwa sai da babba, irin wadda ake girke ta a tebur ba a yawo da ita, mai ciki kamar akwatin amarya. Na kwana ina juya maganar, na tashi na ce a kai shanun kasuwa. Amma na gindaya masa sharaɗi. Kakanku bai taɓa sayen sa da ido ba. Sai an ɗora masa karkiya tare da wani, an ja kunya an gani, sannan ya juya ya tambayi mai shi, in ya kwanta ciwo wa zan nema? Na ce tunda shanu ne za su koma kwamfuta, yadda aka sayo su haka za a sayo ta.

Allah ya haɗa mana masu sayarwa biyu a mako guda. Murtala, ɗan ƙanwata Asabe, shi ma sana'ar yake so, ya riga ya yi odar tasa daga wani babban kanti a Kaduna. Wakilin kantin, wani saurayi mai ladabi ana ce da shi Kabiru, ya biyo ayarin motocin da sojoji ke rakowa ya kawo masa ita sabuwa dal a kwali, ya ce in muna so akwai 'yar'uwarta. Baƙa ce wuluk, sai muka sa mata suna Baƙa. Ɗayan kuwa Yohanna ne, mutumin kudancin Kaduna da ke gyaran kwamfuta a wata rumfa can birnin, shi ne dama ke lallaɓa wa ubanku 'yar ƙaramar. Tasa ba sabuwa ba ce, da hannunsa ya harhaɗa ta da kayan tokumbo, wato na gwanjo, jikinta fari ya fara komawa ruwan ƙasa. Ita ce Fara.

Aka jera su a zauren gidan nan, aka tada janareto, maƙwabta suka cika ƙofa. Ubanku ya ba kowace fim ɗin wani biki da ya ɗauko a Tsohon Birnin Gwari, iri ɗaya, aka sake su tare. Ni ban san karatun allo ba, sai na ce wa Rabi ta ɗora ruwan tuwo, shi ne ma'aunina. Jama'a, kafin ta yi talge Baƙa ta gama. Ba ƙara, ba huci, kamar kyanwa ta wuce. Fara kuwa muka tuƙa, muka kwashe, muka ci, muka wanke hannu, tana nan tana gurnani kamar injin niƙa a bayan gari. In ubanku ya ja hoto gaba ya ja baya, Baƙa na bin hannunsa. Fara sai ta tsaya tunani, amarya ta daskare a allo da baki a buɗe. Na kai hannu bayan kowace. Bayan Baƙa ɗumi-ɗumi, bayan Fara kuwa in ka shanya ɗankwali zai bushe.

Murtala ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, “Sabi'u, wannan ai sai amarya ta haihu kafin a gama fim ɗin bikinta. Ka haɗa da na suna kawai, ka huta.”

Yohanna ma ya yi dariya, ya shafa kan Fara, ya ce, “Tsohuwa ce, amma tana isa inda za ta.”

Ba zan rage wa Baƙa komai ba. A duk abin da aka gwada ran nan ita ta ci, ko makaho ya ji bambancin. Na ga idon ubanku a kanta, irin kallon da kakanku ke yi wa bijimi mai doro. Sai na gyara zama na yi tambaya ta biyu. Na fara da Kabiru.

“Ɗana, in ta kwanta ciwo, wa zan nema?”

Ya ce, “Mama, tana da garanti. Duk abin da ya lalace za mu canja sabo, ba za ku biya ko sisi ba. Sai dai kada kowa ya buɗe cikinta, akwai hatimi a jiki. In aka karya shi, mun fita.”

“To wa zai zo ya buɗe?”

Ya sunkuyar da kai. Yaron kirki ne, bai iya ƙarya ba. Ya ce, “Gaskiya kantinmu ba ya tura ma'aikaci wannan hanyar. Ni ma yau da ƙyar aka bar ni. Sai dai a kawo mana ita Kaduna.”

“Wa zai kawo?”

“Mai ita, Mama.”

Na juya wajen Yohanna. Ya ce tasa ba hatimi, kowane sukundireba na buɗe ta, kuma ba zai ce ba za ta yi ciwo ba, don za ta yi. Amma in ta yi, a kira shi, zai zo. Na ce da ƙafarka? Ya ce da ƙafata, Mama.

Da jama'a suka watse ubanku ya same ni a tsakar gida ina tsince wake.

“Iya, kin dai gani da idonki.”

“Na gani.”

“Aikin da Baƙa za ta yi a yini, Fara sai ta kwana uku a kai. Manyan bukukuwa ba sa jira.”

“Na ji. Baƙa kuma duk ranar da ta yi tari, kai za ka ɗauke ta a cinya ka bi dajin nan. Na ba hanyar nan ɗa guda. Ba ni da na biyu da zan ba ta.”

Ya ce, “Shanun Baba ne fa, Iya.”

Na ce, “Ni ya bar wa.”

Ya fita, da la'asar ya dawo ya ce wa Yohanna a sauke Fara a shagonsa. Ni kuwa ban tsaya nan ba. Na aika aka kira Malam Tanko maƙwabcinmu, tsohon dillalin shanu, wanda a gabansa kakanku ke ƙulla ciniki. Na ce wa Yohanna ya maimaita maganarsa a gaban shaida. Malam Tanko ya kalle ni ya ce, “Dije, a zamanin nan ba a ɗora wa ɗan mutane irin wannan.” Na ce ai shi ya faɗa, ban matse bakinsa ba. Yohanna ya sa hannunsa a na Malam Tanko ya ce, “A gaban Allah, muddin Fara na gidan nan, in ta kwanta zan zo.” Na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Ran nan ban tambayi kaina kan wa ya koma ba.

Ana nan, ana nan, abin da ubanku ya faɗa ya tabbata. Wani attajirin garin nan ya aurar da 'yarsa, yana son fim kafin baƙinsa su watse, aka kai wa Murtala. Daga nan duk mai kuɗi da gaggawa ƙofar Murtala ya sani. Ubanku sai ƙananan ayyuka, suna, walimar saukar karatu, bikin godiyar kaka na masu coci, mutanen da suka iya haƙuri. Yakan ɗora wa Fara aiki da hantsi, ya je kasuwa, ya je masallaci, ya dawo ya tarar tana nan tana nishi. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Amma in motar Murtala ta wuce ƙofar shago, don har mota ya saya, nakan ga ubanku ya duƙufa yana goge allon da ba datti.

Da bazara ta tsananta fankar cikin Fara ta tsaya. Aka kira Yohanna, ya biyo ayari ya zo, ya canja, ya ci tuwon masara da miyar kuka har da ƙari, ya koma. Na ce a raina, kin ga dabararki, Dije. Sai damina ta faɗi. Wata ranar Laraba da yamma aka yi tsawar da ta tsaga bishiyar mangwaron bakin kasuwa, ta bi waya ta shiga shaguna. Tsawa ɗaya ta kwantar da Baƙa, ta kwantar da Fara. Murtala ya naɗe tasa a bargo ya nufi Kaduna, Yohanna ya ɗauko madadin akwatin wutar da ya ƙone a cikin tamu ya nufo mu. A hanya suka yi saɓani, har sun ɗaga wa juna hannu. Murtala ya isa lafiya. Kantin Kabiru suka karɓi Baƙa, suka ba shi shayi, suka canja mata abin da ya ƙone ba su karɓi komai ba, yadda suka yi alkawari. Motar su Yohanna kuwa ta makara ta rabu da ayari, aka tare ta.

Ba mu ji labarinsa ba sai washegari da rana tsaka. Rabi ce ta fara ganinsa a ƙofar zaure, ta saki tsintsiya ta yi salati. Ba takalmi, wando a yayyage, fuska duk karce. Ya cire rigarsa ya goya akwatin wutar nan a baya kamar jariri. Da aka buɗe wuta ya faɗa daji da gudu, ya kwana yana tafiya, abin da ya fito da shi ke nan.

Ya ce, “Mama, sannu da gida. Bari in fara duba mara lafiya.”

Na ce, “Mara lafiya na gabana. Zauna.”

Rabi ta dafa ruwa da gishiri, na ɗora ƙafarsa a cinyata ina cire ƙaya da allura. Wata ta shige can cikin dunduniya, sai da aka tsaga. Bai yi kuka ba. Abu ɗaya ya faɗa, yana kallon bango, “Akwai wata mata da goyo kusa da ni. Ban san inda suka yi ba.” Ubanku na tsugune gefe, bai ɗago kai ba. Kafin magariba Yohanna ya ja jiki zuwa shago ya tada Fara. Ya zauna wurinmu har ƙafa ta yi dama, ya bi ayari ya koma.

Da kaka ta yi, lokacin da aure ke yawa, Fara ta sake kwantawa. A kunna ta ta yi ƙara uku ta yi shiru, allo baƙi ƙirin. Na ce wa ubanku ya kira Yohanna. Ya ce ba zai kira ba. Na ce akwai alkawari. Ya ce, “Iya, na ga ƙafarsa.” Ya lulluɓe ta da zane ya rufe shago. Bayan 'yan kwanaki na gan shi da safe ya naɗe ta a bargo ya ɗaure da igiya, ya saɓo ta zai tafi tasha. Ku da kuke cewa tsoro, ku ji wannan da kyau. Ni ce na riga shi zaure, na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafafuna.

Ya ce, “Iya, ki ba ni hanya.”

Na ce, “Ga hanya. Ka tsallake ni.”

Ya tsaya da kaya a kafaɗa har gumi ya jiƙa masa riga. Ɗan halak ba ya tsallake uwarsa. Ya sauke ta a nan zaure, ya koma ciki. Haka muka zauna, shi ba zai kira ba, ni ba zan matsa ba. Ana ta kiɗan biki a gari, shago a rufe, Rabi da tsohon ciki, hatsin rumbu na ja baya. A gidan nan in ba sallama ba, ba mai ce wa wani komai.

Wata ranar kasuwa da azahar aka yi sallama, muryar mace. Wata gajeriyar dattijuwa ce, ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, ƙura ta yi mata fari har gira, tana riƙe da ƙullin citta. Ta ajiye ƙullin a gabana, ta zauna ba ta jira tabarma ba.

“Ke ce Maman Sabi'u?”

“Ni ce. Sannu da zuwa. Daga ina?”

“Daga Kaduna. Sunana Saratu. Ni na haifi Yohanna.”

Na ce Rabi ta kawo ruwa. Ta sha, ta goge baki, ta dube ni ido cikin ido. Na yi saurin cewa, “Maman Yohanna, wallahi ba mu kira shi ba.”

Ta ce, “Na sani. Da kun kira, da faɗa na zo yi, da ya fi mini sauƙi. Wani direba ne ya gaya masa shagonku a rufe. Tun ran nan yake haɗa jaka. Na ɓoye masa takalma, ya ce ai ya taɓa zuwa ba takalmi. Na yi kuka, na kira fasto, Yohanna ya ce shi ya sa hannu a hannun dattijo ya ambaci Allah, ba mai kwance shi sai wadda ta ɗaure. Na ce masa zan je ƙauye gaisuwa, na shiga motar nan. Ubansa a gona aka tsinci gawarsa, shekarun baya. Shi kaɗai ne namiji da ya rage mini. Ke kika ɗaure, Maman Sabi'u. Ki kwance.”

Na ce, “In na kwance naki, nawa ne zai hau hanya.”

Ta ce, “Na sani.”

“Nawa ma shi kaɗai ya rage.”

“Wannan ma na sani. Yohanna ya gaya mini. Duk hanya ina neman abin da zan ce miki a kan haka, ban samu ba.”

Ban taɓa zama da mutum na rasa gefen da zan tsaya ba sai ran nan. Da mugunta ta zo da ita, da na san yadda zan yi. Matar nan ta bi dajin da nake hana ɗana bi, ita kaɗai, da tsufanta, don ta roƙe ni abin da ni ma shi nake roƙo. Rabi ta kawo tuwo, muka sa hannu a kwano ɗaya, kowace na tura wa 'yar'uwarta nama. Na tashi na yi la'asar, ita ma ta sunkuyar da kai tana tata addu'ar. Da na sallame na tarar ubanku a tsugune a gabanmu, ashe duk yana ji daga ɗaki.

Ya ce, “Iya, Mama, ku ba ni izini in yi magana. Fara ba ta da hatimi. Abin da Yohanna ke yi a cikinta hannu ne da sani, kuma ana koya. In bi Mama in je, in zauna a rumfarsa har in iya, in dawo da kayan gyara. Sau ɗaya zuwa, sau ɗaya dawowa. In ba haka ba, Iya, muddin ina cin abinci da injin nan, ɗan wata zai yi ta bin dajin nan saboda ni. Ba zan iya haɗiye irin wannan tuwon ba.”

Na dubi Saratu ko za ta taya ni. Ta tsare ni da ido, ba ta kawar da kai ba. Na daɗe ina jan carbi ban san abin da nake karantawa ba. Sannan na ce a kira Malam Tanko, don a gabansa aka ɗaure. Ya zo da sandarsa. Ubanku ya kira Yohanna a waya ya buɗe murya kowa na ji.

Na ce, “Yohanna, Mamanka ce ta Birnin Gwari. Ga Malam Tanko na ji. Alkawarin da ka yi mini na sauke maka shi. Ba ka da nauyina, duniya da lahira.”

Ya ce, “Mama, laifi na yi? Korata kike yi?”

“Ba ka yi laifi ba. Ka cika, har ka zarce.”

“To wa zai duba Fara?”

Ubanku ya ce, “Ni. Ka share mini wuri a rumfa.”

Sai Saratu ta matso bakin wayar ta ce, “Kai kuma takalmanka na cikin buhun gero.” Yohanna ya yi ihu, “Mama! Me kike yi a can?” Malam Tanko ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi, hawaye na zuba.

Da ayari ya tashi na raka su tasha. Ubanku ya rungume Fara a cinya, abin da na sayar da shanu don kada in gani. Saratu ta sa shi ya shige tsakiya, ita ta zauna ta bakin ƙofa. Ta leƙo ta taga ta ce mini, “Amana ce, na karɓa. Sai an bi ta kaina.” Motoci suka ɗaga. Na dawo gida na zauna a zaure da waya a tafin hannu, ban ci ba, ban sha ba, duk babur da ya wuce sai in miƙe in leƙa. Rana ta karkata kafin wayar ta yi ƙara. Muryarta ce.

“Maman Sabi'u, mun sauka. Ga shi nan yana cin tuwo, ya ce miyata ba ta kai taki ba.”

Ya zauna wurinsu har kaka da hunturu suka wuce, duk auren shekarar ya wuce shi. A ɗakin Yohanna yake kwana, Saratu ta ware masa tukunya da buta. Yana can Rabi ta haihu, bai ga ɗiyarsa ta fari ba sai da ta fara zama. Ta waya ya faɗi sunan da za a raɗa. Ke Saratu, babbar jikata, yau kin san inda aka samo sunanki. Ya dawo cikin ayari lafiya, da Fara da jakar kayan gyara, ya rame, hannunsa duk tabon ƙuna.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Baƙa ta yi wa Murtala aiki shekaru ba ta gaza ba. Da ta sake neman gyara ya kai ta, sai ya ce shi ba zai yi ta kai da kawo ba, ya kama shago kusa da kantin, ya zauna. Allah ya buɗa masa, benen da kuke gani gaskiya ne, guminsa ne, kada ku yi masa hassada. Ƙanwata Asabe takan ga jikokinta a allon waya, da Sallah yakan aiko mata da atamfa. Kabiru na ji an ƙara masa girma an mai da shi Abuja, kuma ya cancanta. Malam Tanko ya rasu da azumi a bakinsa. Ubanku bai zama mai kuɗi ba, fim ɗinsa bai taɓa riga na kowa fita ba. Amma yau kwamfutar makaranta, ta asibiti, ta masu shago, in ta kwanta a garin nan ƙofarsa ake bugawa, ba mai naɗe ta a bargo. Fara ta tsufa ta mutu, ya rarraba kayan cikinta a cikin na mutane. Yohanna ya yi aure, rumfa ta zama shago, da damina yakan ɗan ɗingisa da ƙafar nan. Har yau in abu ya gagari ubanku shi yake kira, su yi ta musu a waya kamar 'yan uwa ɗaya.

Saratu uwar Yohanna kuwa bara ta riga ni gidan gaskiya. Da labari ya zo na ce a nemo mini mota, na bi hanyar nan da ƙafafuna suka manta, na wuce daidai inda aka ga motar ɗan farina, ban rufe ido ba. Na tarar da gida cike da matan coci suna waƙa. Wata daga cikinsu ta ga baƙuwa da hijabi, ta tambaye ni ko ni 'yar'uwarta ce. Na ce a'a, ciniki ne ya haɗa mu. Yohanna ya taso ya kama hannuna, ya ratsa da ni cikin jama'a, matan suka matsa mini wuri a tabarmar dangi. A nan na zauna har aka ɗauke ta.

Iyakar abin da na sani ke nan, na sauke muku. Ku tashi ku kai wa ubanku ruwa.